Fankar Motar Tela

"Kada ka taɓa murfin nan! Kai Tela, da kai nake!"

Tela ya janye hannunsa daga kan lagireto, ma'ajin ruwan sanyaya injin, kamar wanda kunama ta harba. Motar na tsaye a ƙofar gidansa, bonet a ɗage, tururi na tashi, ruwa na tafasa a cikinta. A tsallaken layi maƙwabcinsa Baba Sifana na zaune a kujerar roba, kumburarrun ƙafafunsa a kan wani mataccen batir. Tsawar da ya yi ta tayar masa da tari, sai da ya jima kafin magana ta dawo.

"Ka buɗe shi da zafi, ruwan nan ya saɓule maka fuska, wa zai ɗinka mana kaya? Bar ta ta huce."

Shekara arba'in Baba Sifana ya yi yana gyaran mota kafin ciwon zuciya ya zaunar da shi. Tela kuwa bai san komai a mota ba, ban da sitiyari da burki. Ya sayi wannan tsohuwar ne ta hannu saboda Auta, 'yarsa mai ciwon sikila. Ciwon ba ya sallama in zai zo. Da ya tashi mata bara, awa guda suka yi a bakin titi suna tsayar da abin hawa, tana murƙususu a kafaɗarsa. To yau ga mota, amma ko rabin hanyar asibiti ba ta kaiwa. Da sun zo daidai gidan mai sai allurar ma'aunin zafin injin ta haye ja.

"Wa ya duba ta?" in ji tsohon.

"Gareji biyu, Baba. Na farko ya wanke lagireto. Na biyu ya ce lafiyarta ƙalau."

"A tsaye ya gwada ta?"

"A tsaye."

"Uhm."

Da ta huce, daga kan kujera ya riƙa ba da umarni. Ya sa Tela ya cika ruwa, ya tayar da injin, ya leƙa ko kumfa na tasowa. Babu. Ya sa ya zaro ma'aunin baƙin mai ya kawo masa, ya murza a yatsa, ya shinshina.

"Baƙi ne, ka gode wa Allah. Da ya koma kamar shayi da madara, gasket ta cikin injin ta ƙone ke nan, sai in ce ka shiga ɗaki ka yi kukanka a ɓoye. Shimfiɗa jarida a ƙarƙashinta, gobe mu ga ko tana yoyo."

Da safe jarida a bushe. Suka tayar da ita ta ɗau zafi, Tela ya taɓa tiyon sama, ya taɓa na ƙasa, duka da ɗumi, alamar ruwa na zagayawa. Can sai fanka ta tashi.

"Baba, fanka ma tana juyawa!"

"Ni ma ina juyawa a kan gado, aiki nake yi?"

Iya, matar tsohon, ta leƙo daga ƙofa da kofin magani. "Tela, ka ji tsoron Allah. Likita cewa ya yi ko buta kada ya ɗauka."

"Bakina kawai nake ɗauka," in ji Baba. "Shi kuma ke kin fi ni ɗaukarsa."

A rana ta uku Auta ta tashi idanunta sun yi rawaya, tana cewa gwiwarta na mata tsami. Tela ya kasa zama a kan keken ɗinki. Da hantsi ya sake ɗage bonet, ya tsaya yana kallon injin kamar zai yi masa magana.

Sai ya ji Baba ya ce, "Zo ka kama ni. Daga nan ba na jin ta sosai."

Tela ya dubi ƙofar Iya. Babu kowa. Ya san abin da ya kamata ya ce, kalma uku ce kawai: Baba, yi zamanka. Amma ya tuna idanun Auta, sai ya miƙa hannu.

Taku goma sha biyu ne tsakanin kujerar da motar, sau biyu suka tsaya hutawa. Tsohon ya dafa gaban motar ya rufe ido, yana saurare har fanka ta tashi. Sai ya ɗaure fuska.

"Akwai ƙyalle a aljihunka?"

Aljihun tela ba ya rasa ƙyalle. Baba ya riƙe shi ta gefe ɗaya, ya saukar da shi gaban ragar lagireto. Ƙyallen ya tashi yana kaɗawa waje, wajen ƙirjin tsohon.

"Ka gani? Hurowa take yi. Aikinta ta zuƙo iskar waje ta sanyaya ruwa. Wani gwanin ya canza fanka ya juya wayoyin. A tsaye ba ka ganewa. Da ka hau titi, iska na son shiga, ita tana korar ta. Kashe. Miƙo mini filaya."

"Baba, bari in kira mai wayarin."

"Irin wanda ya juya su?"

Ya sunkuya cikin zafin injin. Gumi na ɗiga daga haɓarsa, numfashinsa na fita da wani ƙaramin fito. Tela na riƙe da shi ta ƙugu, yana jin yadda haƙarƙarinsa ke aiki. Da aka sake tayar da mota fanka ta kama, ƙyallen ya manne a jikin raga tsam.

Baba Sifana ya yi dariya har da buga bonet. Daga nan ya sulale a hankali ya zauna a ƙasa, ya dafe ƙirji.

A kujerar baya suka kwantar da shi, kansa a cinyar Iya, wadda ta fito ko takalmi babu. Tela ya ja mota, suka nufi asibiti.

"Tela," muryar ta zo daga baya, siririya. "Allura fa?"

"Tana tsakiya, Baba."

"To taka mana, mu ji ta."

Ya taka. Suka zo gidan mai, inda kullum take tafasa.

"Allura?"

"Tsakiya, Baba. Ko motsi ba ta yi ba."

"Uhm."

Suka wuce gada, suka wuce shataletale. Tela yana ta jira a sake tambaya. Abin da ya ji kawai shi ne Iya tana salati ƙasa-ƙasa, ba ta ɗaga murya ba. Daga baya ta ce, "Rage gudu, ɗana. Ba sauri kuma."

Iya ba ta taɓa ɗora masa laifi ba. Da ya durƙusa gabanta zai yi bayani, cewa ta yi, "Kwana ne ya ƙare. Wata shida rabon da in ji dariyarsa, sai ranar nan daga tsakar gida." Tela ya ce haka ne. Amma in ya fito da safe ba ya iya duban tsallaken layi, inda har yanzu ba wanda ya ɗauke batir ɗin nan. Kuma duk sanda ya zo wucewa ta gidan mai shi kaɗai, sai ya ji kamar wani a baya yana tara numfashi zai yi tambaya. Sau biyu ya kama bakinsa yana amsawa.

Bayan mako uku ciwon Auta ya tashi da tsakar rana. Uwarta ta shiga baya ta ɗora kan yarinyar a cinya, daidai wurin da aka kwantar da Baba. Tela ya ga haka, ya ja mota.

"Auta, yi mini magana."

"Abba, ƙafata..."

"Na sani. Ci gaba da magana. Auta? Auta!"

"Abba, don Allah ka yi tuƙinka!"

Duk shirun da ta yi sai ya kira sunanta, har suka shiga ƙofar asibiti. Aka karɓe ta, aka ɗaura mata ruwa. Ma'aikaciyar ta ce sun kyauta da suka zo da wuri. Sai da yarinyar ta yi barci maigadi ya leƙo yana tambayar mai tsohuwar motar da aka bari a kunne, ƙofofi a buɗe.

Tela ya fita. Kusan awa guda tana aiki a cikin rana, allura na tsakiya. Ya rufe ƙofar baya a hankali, ya murɗa mukulli ya kashe injin. Fanka ba ta tsaya nan take ba, ta ci gaba da zuƙar iska ita kaɗai a ƙarƙashin bonet. Ya tsaya da mukullin a hannu, bai tafi ba, har ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta yi shiru.