Amsar Sakatare

Ƙungiyar manoman albasa da Alhaji Tamu ke shugabanta a Aliero ta yi sabon sakatare, sai dai wannan ba ya shan shayi, ba ya neman izinin zuwa suna. Mataimaki ne na AI da ke zaune cikin kwamfutar ofis, yana karanta imel ɗin 'yan kasuwar Kudu yana mayar musu da jawabi. Manoman suka laƙa masa Sakatare, sunan ya zauna daram.

Sakatare ba shi da hannu, sai kayan aiki: ɗaya na buɗe saƙo, ɗaya na ajiyewa, ɗaya na mayar da jawabi. Kowanne da ɗan bayani a jikinsa, kuma abin da aka rubuta a bayanin nan shi ne iyakar saninsa. Waliyyu ke rubuta bayanan, Shafa'atu ke duba su ta ba da maki kafin a saka. Ita ɗiyar ƙanen Alhaji Tamu ce, shi ɗan ƙanwarsa, ga su taubasai, don haka rabin aikin ofis ɗin tsokana ne.

Shafa'atu na da ido, wannan ba musu, amma ba ta da haƙurin dogon zance. Ranar da Waliyyu ya kawo bayanin kayan mayar da jawabi, sai ta ga abu ya cika allo. Ya bayyana yadda za a gaisa, ya bayyana wanda za a saka a kwafi, ya ce in saƙon tayi ne a rubuta an gani kawai, a bar wa shugaba yanke magana. Ta ce masa wannan ai gaisuwar tsohuwa ce a bakin rijiya, kafin Sakatare ya kai ƙarshe mai saye ya tafi Maiyama ya yi lodi. Ta ba shi maki mai ban tausayi, ta share duka, ta bar layi ɗaya tsaf: "Wannan yana amsa tayin mai saye." Ta daɗe tana kallon layin tana jin daɗin kanta.

Abin da ta manta, ita da aka haifa a garin, shi ne amsa baki biyu gare ta. Ana amsa sallama, ana kuma amsa kaya. In aka ce wane ya amsa tayi, to ciniki ya faɗa.

Cikin mako guda tayi biyu suka shigo a kan albasar da ƙungiya ta tara, ɗaya daga Ibadan, ɗaya daga Fatakwal. Sakatare ya duba layinsa, ya ga an ce amsa, ya amsa. Ya rubuta wa kowannensu cikin ladabi, da sunan Alhaji Tamu a ƙasa, cewa an amsa tayinsa, a turo mota.

Da hantsi wani ɗan acaba ya zo da labarin manyan motoci biyu a Jega, direbobinsu na tambayar hanyar wurin Alhaji Tamu. Shafa'atu ta buɗe akwatin saƙonnin da aka aika, ta karanta. Albasar da ke ƙasa lodin mota ɗaya ce da ɗan ƙari. Baffanta kuwa mutum ne da masu saye ke turo mota a kan kalmarsa kaɗai, ba takarda, ba shaida, kuma bai taɓa mayar da mota wayam ba. Waliyyu ya leƙo ta bayanta ya karanta, ya ga fuskarta, ya bar tsiya ya je ya sanar da Alhaji Tamu.

Alhaji Tamu ya shigo yana goge hannu a gefen rigarsa. Bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ce a karanta masa abin da aka gaya wa Sakatare ya yi. Ta karanta layin nata da murya ƙasa-ƙasa.

"To ni ma da kin ce mani hakanga, amsawa ni kai," in ji shi.

Ta ce za ta kira mutumin Fatakwal yanzu, ta gaya masa kuskuren na'ura ne, kowa ya san na'ura na kuskure.

"Da sunan wa anka amsa?"

"Da naka, Baffa."

"To a buɗe rudu."

Rudun da yake nufi nasa ne na kansa, rumbun kara da ke bayan gida, inda ya killace zaɓaɓɓiyar albasar da yake tanadi tun girbi, wadda ko matarsa ba ta ɗiba ta sa a miya. Aka buɗe, aka zuba a buhuna, ba ta cika mota ba. Waliyyu ya hau babur ya yi Danwarai da Gehuru, yana bin 'yan ƙungiya gida-gida. Suka yi ta mita, suka yi wa Sakatare baƙar addu'a, suka kuma kawo, saboda sunan Alhaji ne. Shafa'atu ta yini a rana tana ɗinke bakin buhu, ido na zubar ruwa, ta ce albasa ce. Kunya ce da baƙin ciki, kuma kowa ya bar ta da albasarta. Kafin magariba motocin biyu suka ɗaga cike.

Washegari ta nemo tsohon bayanin Waliyyu ta mayar, har ta ƙara nata: kada Sakatare ya rubuta an amsa, ko an yarda, ko an sallama, sai shugaba ya faɗa da bakinsa. Waliyyu ya ce gaisuwar tsohuwa ta samu ƙarin jikoki, ya tambayi makinsa. Ta ce ya ci, amma kada ya saba.

Wannan karon ba ta saka ba tukuna. Ta ɗauki kwamfutar ta sami Baffa a bayan gida, zaune kan buhu yana kallon rudun da ba komai cikinsa sai ɓawo. Ta durƙusa ta karanta masa daga farko har ƙarshe. Ya saurara, ya gyaɗa kai.

"To," in ji shi.

Ta miƙe, ta yi taku kaɗan, sai ta tsaya ta juyo.

"Baffa, wagga 'to' ɗin, ta 'na ji' ta ko ta 'na yarda'?"

Alhaji Tamu ya yi dariya har hularsa ta karkace, dariyarsa ta farko tun da motocin suka iso.

"Ta 'na yarda' ta, ɗiyata. Tahi ki saka."