Keken Gajeriya

Tana cikin ɗinke hannun wata riga labarin ya same ta. Mai gyaran takalmi na gefen shagonsu ne ya leƙo, ya ce, "Matar Tela, sai haƙuri. Mota ce." Zare kawai mijin nata ya fita sayowa. Sai da ta kai ƙarshen layin ɗinkin sannan ta miƙe, kuma har yau ba ta san dalili ba.

Shekara da shekaru suna shagon nan, keken ɗinki biyu gefe da gefe. Nasa gadon mahaifinsa ne. Nata, na bakin taga, 'yan kunnenta da awarwaronta ta sayar ta saya. Amma duk wanda ya shigo sai ya ce, "Sannu, ana taya maigida?" Ita kuma ta ce ana tayawa. Ba ta taɓa zaton kalmar za ta zame mata ƙaya ba.

Da ƙafar masu ta'aziyya ta ɗauke, yayan mijin ya zo shagon da 'yan dako biyu.

"Za a haɗa kayan marigayi a raba. Ke ki koma gida ki huta."

"Yaya, na bakin taga nawa ne."

"Naki? Ai taya shi kike yi. Yaushe mai taya aiki ya zama mai kaya?"

Ba ta da takarda. Wa ke neman takarda tsakaninsa da mijinsa? In keken nan ya fita, abincinta da na 'ya'yanta ya fita ke nan.

Ta ce, "To Yaya, zauna ka taka shi, kar a cuce ka wajen sayarwa."

Ya tattare riga ya zauna. Yana ɗora ƙafa, gwiwarsa ta daki teburin, ƙwam! Ya duƙa ya duba. Wani guntun katako ne ɗaure da waya a kan matakin. Marigayin ne ya ɗaura shi tun ranar da aka kawo keken, don ƙafarta ba ta kaiwa. Gajeriya ma yake kiranta. Katakon ya lotsa, ya yi sumul, daidai sawunta.

Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya fashe da dariya. "Ranka ya daɗe, wannan tayawa ta yi nisa. Har ta ci katako!"

Yaya ya murza gwiwa, ya miƙe. Keken marigayin kaɗai suka ɗauka.

Yanzu ita ke buɗe shagon, ita ke biyan haya. Wasu har sun koyi ce mata "Tela" in sun shigo.

Idon marigayin ya raunana a ƙarshe, ita ce ke zura masa zare a allura kafin ta fara nata aikin. Har gobe, kowace safiya, takan lashi bakin zare, ta juya hagu inda kekensa yake a da, sannan ta juyo ta zura a nata.