Cokalin Farko na Inna Saveta

Da hantsi ne, ranar kasuwar garinmu Runcu, ina daka saiwoyi, sai ƙofar ɗakin dahuwarmu ta tarwatse. Toader makiyayi ya faɗo ciki, sandar tsafinsa tana hayaƙi. Ya nuna kantar magunguna da ita, kwalabe suka fashe lokaci guda, gilashi ya tsattsage mini kumatu.

"Ina take? Ina tsohuwar mayyar?"

Na sha gabansa. Ya juya gindin sandar ya zabga mini a baki, na tofar da haƙori ɗaya tare da jini.

Inna Saveta tana bakin tukunya tana juya muciya, ko waiwaye ba ta yi ba. Ita ta raine ni, ita ta koya mini dafa tsimi tun ina shekara tara, kuma a wurinta mai dafa tsimi ba ya sakin muciya sai ƙidaya ta cika. Toader ya damƙi gashinta ya fizgo ta ƙasa.

"Ƙanena Nechifor ya mutu! Jiya ya sha tsiminki, ko bakin garke bai kai ba ya faɗi, jini ta hanci, jini ta kunne!"

"Ƙarya kake yi, ɗan nan," in ji ta. "A gabansa na sha cokalin farko."

Gaskiya ta faɗa. A sana'armu ba a miƙa wa mai saye kwalba sai wanda ya dafa ya sha cokali ɗaya a gabansa. Shekara arba'in da shida Inna tana yin haka, ba ta taɓa tsallakewa ko sau ɗaya ba. Wannan karon tsimin tauri ne ta dafa, kwalba goma sha biyu, na makiyayan da za su hau dutse da tumaki, inda kyarketan da tsafi ba ya ci suke jira. Wanda ya sha, haƙori ba ya huda fatarsa har kaka. Ranar hawa ake sha. Nechifor ne ya yi gaggawa, sauran goma sha ɗayan suna cikin jakunkuna suna jiran gobe.

Toader ya ja ta a ƙasa har dandalin coci, gwiwoyinta suna zubar da jini a kan duwatsu, ni kuma ina binsa ina dukan bayansa ina zaginsa har kakanninsa. Kasuwa ta watse ta taru a kanmu. Baba Sofron, sarkin masu tsimi, ya fito da taɓaryar ƙarfe a kafaɗa. Dokarmu kowa ya san ta: wanda tsiminsa ya yi kisa, a kan baƙin dutsen nan na ƙofar coci ake farfasa hannunsa na dama. Mafita ɗaya ce, ya sha ludayi cike daga ragowar tsimin, ya tsaya da ƙafafunsa har a kaɗa ƙararrawar tsakar rana.

Aka kawo ragowar. Inna ta shanye ludayi guda, ta share baki da bayan hannu.

"Sofron, ba ka da ɗan cuku a aljihu? Ba na son sha ba abin taɓawa."

Mutane suka yi dariya.

Saiwar kashe-kyarkeci ita ce ƙarfin tsimin tauri, kuma ba a auna ta da sikeli. Da harshe ake aunawa. Kana ƙarawa kaɗan-kaɗan kana ɗanɗanawa, da ka ji tsinin harshenka ya fara tsikari sai ka tsaya. To tun hunturu na lura Inna tana zabga gishiri a miya har sau uku, tana cewa salam take. Ranar da ta dafa tsimin nan ina daji, da na dawo na ɗaga jakar saiwar na ji ta sakayau, na kuwa ja bakina na yi shiru. Cokulan shekara arba'in da shida sun kashe mata harshe, sun kuma horar da jikinta har guba ba ta kama ta. Ko tukunyar duka ta shanye ba abin da zai same ta, ita kuma tsakaninta da Allah ta yarda ba ta da laifi.

Ƙararrawa ta kaɗa, Inna tana tsaye ƙyam. Baba Sofron ya sauke taɓarya ya ce ta kuɓuta. Toader ya yi kururuwa ya kai masa duka, sai da ƙarti huɗu suka danne shi, suka karya sandarsa a gwiwa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Hannun da ya yi mini kitso, ya kuma mare ni ba adadi, ya tsira.

Sai Pintilie, wani makiyayi mai 'ya'ya biyar, ya zaro tasa kwalbar yana washe baki.

"To ni bari in sha tawa yanzu, kowa ya huta da surutu!"

Ban san lokacin da na fizge ta daga hannunsa ba.

"Rusanda!" Inna ta daka mini tsawa. "Ke mahaukaciya ce? Ba shi kayansa!"

"Inna, harshenki ya mutu," na ce. "Nawa bai mutu ba."

Na kurɓi abin da bai kai rabin cokali ba.

Wuta ce ta fara kama mini baki, sannan na daina jin fuskata. Ƙafafuna suka lanƙwashe, ƙeyata ta bugi dutse. Jikina ya riƙa fizga, na ciji harshe, jini mai ɗumi ya biyo hancina ya cika mini kunne. Ina gani, ina ji, amma ko yatsa na kasa ɗagawa. Na ji kwalabe suna fashewa, makiyaya suna jifa da su. Na ga fuskar Inna a kaina, ban taɓa ganin tsoro a cikinta ba sai ranar.

Baba Sofron ya sake ɗaukar taɓarya.

"Saveta, ki zo."

"Ka ara mini hannun nan na sa'a ɗaya," in ji ta. "Bayan nan naka ne."

Nan tsakiyar dandali aka hura wuta. Ta aika aka kwaso abin da Toader bai fasa ba, ta ɗora makarin guba, tana juyawa tana ƙidaya a fili har ɗari uku. Da ya nuna ta ɗebo cokali ta kai bakinta yadda ta saba. Sai ta tsaya, cokalin yana gab da leɓenta.

"Wa zai ɗanɗana mini?"

Masu tsimi bakwai ne a wurin, duk suka sunkuyar da kai, matsorata. Toader ne ya ture masu riƙe da shi ya matso, fuskarsa a kumbure. Ya karɓi cokalin ya sha.

"Me ka ji, ɗan nan?"

"Ɗaci. Sai kuma sanyi a maƙogwaro."

"Ya yi."

Ta ɗaga kaina ta ɗura mini, ta goge mini jinin hanci da babban yatsanta. Ta jira har ta ga na motsa ƙafa. Sannan ta miƙe, ta tafi da kanta, ta shimfiɗa hannun a kan dutsen. Sau uku Baba Sofron ya ɗaga taɓarya, na kuma ji ƙarar kowane ƙashi. Ita ba ta yi ihu ba, ni ce na yi.

Shekara shida ke nan. Ni nake dafa tsimin Runcu yanzu, da sikeli, masu tsimi suna yi mini dariya ina zaginsu. Ni nake yanka wa Inna mamaliga, tuwon masararmu, ni nake ɗaura mata ɗankwali kowace safiya. Har yau ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban yi ƙarfin halin tambaya ba.