Akun da Ke Ƙarƙashin Ƙasa

Wata shida bayan an sa wa Mama sabuwar gwiwa a asibitin birnin Nassau, muna fitowa daga coci ta ce ranar Asabar za ta taka hanyar dajin nan ta kudancin tsibirinmu, Abaco, tun daga bakin titi har tafki.

Mahaifiyata Prescola shekararta saba'in da huɗu, kuma shekara uku ta yi ba ta wuce ƙofar gida da ƙafarta ba. Ƙanenta, Kawu Garnet, tsohon masunci, ya dube ta sama da ƙasa.

"Yaya, mil ɗaya da rabi fa ne. Ko kin ɗauka daga gado zuwa kicin ake nufi?"

"Kai dai ka zo da tumbinka, mu ga wanda zai fara neman wurin zama."

Ranar Asabar tun ƙarfe bakwai ta shirya, ta sa hular kaba, ta cika jaka da gurasar joni, irin wadda muke gasawa a gida, da ruwan lemun tsami. A mota bakinta bai rufu ba. Ni ke tuƙi, ina ta satar kallonta, don rabon da in ji ta haka har na manta.

Hanyar ta fara ne da gadar katako a kan fadama. Ruwan ya kwanta, launin shayi, ƙananan kifaye suna wulgawa. Mama ta dafa sanda ta hau. Taku goma na farko ina riƙe da hannunta, sai ta fizge.

"Sake ni, Vernell, ba jariri kike goyo ba."

Wani farin zalɓe ya tashi dab da mu, ta tsaya tana dariya kamar ita ta kore shi. Ƙaguwa ta gani ta nuna, tsuntsu ta gani ta kira sunansa. Kawu yana baya yana marin sauro a wuya, yana cewa da ya sani da ya zauna gyaran komarsa.

Daga fadamar muka shiga dajin itatuwan fayin masu ganye kamar allura. Itatuwan dogaye ne sirara, inuwarsu ba ta da kauri, ƙarƙashinsu gajerun kaba da farin dutse mai ramuka. Nan Mama ta ƙara sauri har sai da na ce ta yi a hankali. Ba mu yi nisa ba ta tsaya cak, ta ɗaga hannu.

"Ku yi shiru. Kun ji?"

Wani ƙara ne siriri, kamar ana jan tsohuwar ƙofa, kuma daga ƙasa yake fitowa.

"Cikin Kawu ne," in ji ni.

"Allah ya shirye ki," in ji Kawu, amma shi ma ya kasa kunne.

Taku uku daga gefen hanya akwai wani rami a cikin dutsen, bakinsa bai fi faranti ba. Kafin in ankara Mama ta jefar da sanda ta durƙusa a kan sabuwar gwiwar, ta leƙa. Da ta ɗago fuskarta, idonta ya cika da ƙwalla.

"Guda biyu ne," ta ce a hankali. "Zo ki gani."

Can ƙasa, kamar tsawon hannu biyu, 'ya'yan aku ne, koren gashi ya fara fito musu, bakinsu a buɗe. Duk wanda ya tashi a tsibirinmu ya san akunmu a rami suke ƙyanƙyasa, amma a cikinmu ukun babu wanda ya taɓa gani. Sai ga uwar ta sauka a reshe sama da mu, farin goshi, jan maƙogwaro, tana zazzaga mana masifa.

"Ta yi gaskiya, mu ba ta wuri," in ji Mama. Ta yunƙura, ta kasa. "To, ku ɗaga ni mana, kun tsaya kuna kallona."

Ni da Kawu muka kama ta, muna dariya har ƙarfinmu ya kusa ƙarewa. Da ta miƙe ta lanƙwasa ƙafar sau biyu, ta ce lafiya lau. A nan ne ta lura da sawun kyanwa a cikin yashi, dab da ramin. Fara'arta ta ragu.

Mun kai tafkin, mun ci gurasarmu, amma hankalinta na can. A hanyar dawowa muka haɗu da mai kula da dajin, wata doguwar mata mai suna Ismae Bootle. Mama ta tare ta, ta kai ta har bakin ramin, ta nuna mata sawun. Matar ta ce wannan sheƙar ba ta cikin waɗanda suka sani, kuma gobe za su kafa wa kyanwar tarko. Sannan ta tambaya ko akwai wanda zai riƙa leƙo musu ita, don ma'aikatansu sun yi kaɗan.

"Talata da Juma'a," in ji Mama. "Garnet zai kawo ni."

Haka suka yi ta zuwa har ƙarshen Agusta, ranar da suka tarar da ramin babu kowa, aku huɗu, iyaye da 'ya'yansu biyu, suna ta surutu a kan reshe.