Na Uku Daga Hagu

Namadi ya sake ɗaga fim ɗin zuwa hasken ƙofar shagonsa, karo na huɗu ke nan tun safe, sai ka ce idan ya dinga kallo abin da ke ciki zai ji kunya ya gyaru. Bai gyaru ba. Sau uku ya ɗauki ƙungiyar ƙwallon Matasan Tashar Jirgi a ranar wasansu da Shinkafi, duka ukun kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Alhaji Wakili, uban ƙungiyar, ya fito tas a gaba. Masu tsugune a bayansa da dama-dama. Na layin baya kuwa kamar ta cikin hayaƙin murhu ake hangensu.

Na uku daga hagu a layin baya shi ne Sagir, golan ƙungiyar. Sanƙarau ya kama shi ranar Talata, ranar Juma'a aka kai shi makwancinsa. Yau kwana tara.

Da sassafe Tambari, kyaftin ɗinsu, ya tsaya a kan babur bai ko kashe ba, ya ce, "Malam Namadi, baban Sagir na tahe daga Dauran yau. Hoton ga shika so."

"Ka hwaɗa mai yadda yaf fito?"

"Ni? Da wane baki?" Ya ja babur ɗinsa ya yi gaba.

Shekara goma sha shida Namadi yana ɗaukar hoto a Ƙaura. Bukukuwa, saukar karatu, fasfo na masu neman aiki tun da aka ƙirƙiro sabuwar jiha kowa ya zama mai neman aiki a Gusau. Ƙa'idar hoton taro kuwa ko daga barci aka tashe shi zai karanto ta. Idan layi ya kai uku, ka tsuke idon kyamara zuwa lamba takwas ko sha ɗaya, ka ja da baya, ka saita a kan layin tsakiya, ka kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku. Tsukakken ido yana ganin na kusa da na nesa, amma yana son haske. Buɗaɗɗen ido yana aiki ko da rana ta yi sanyi, sai dai mutum ɗaya yake zaɓa ya watsar da saura. Wannan ba abin da wani zai koya wa Namadi ba ne, shi ya sa abin yake cin sa.

A ranar an shirya ɗaukar hoton ƙarfe huɗu, bayan La'asar, kafin a take wasa da 'yan Shinkafi. Rana tana nan fes, yara suna cikin sababbin jesi ko gumi bai taɓa su ba. Amma Alhaji Wakili da ya sayi jesin bai iso ba, kuma wa zai ɗauki hoton riga babu mai riga? Aka ce a bari sai an tashi. Alhaji ya iso ana saura minti goma a tashi, aka ci Shinkafi ɗaya da nema, murna ta cinye sauran hasken. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kuma ba a yarda Magariba ta riski kowa a fili, ga 'yan agaji suna ta kora.

Namadi ya so ya zaunar da Alhaji a tsakiya, a kan benci. Wani daga cikin masu rakiyarsa ya ce ba a sa babba a bayan yara. Aka kawo kujera aka dasa a gaban kowa, taku biyu cur. Ƙafafun kyamara suna shago, ya bar su don ya ɗauka da rana za a yi. Filasha ba za ta kai layin baya ba. Ya duba sama, ya duba Alhaji da ke gyara babbar riga, ya buɗe idon kyamara har ƙarshe. Da ya zo saiti ya san sarai abin da yake yi. Ya san kuma wanda zai fara karɓar hoton ya duba fuskarsa. Sai ya saita a kan hular Alhaji.

Yana cikin murɗawa Sagir ya ɗago safar hannunsa daga baya yana dariya. "Malam Namadi, ka hiddo ni da kyau! Inna za ni kai ma shi!"

"Dogo, tsaya cik, kar ka motsa," shi ne abin da ya ce masa. Yaron kuwa ya tsaya cik.

Ya aika fim ɗin Gusau har sau biyu, ya roƙi mai wankin ya yanko Sagir shi kaɗai ya ƙara masa girma. Abin da ya dawo ya fi na farko muni: koren jesi, da wani duhu a inda fuska take. Da-na-sani ƙeya ce, Namadi ya sha faɗa wa mutane haka. Bai taɓa sanin tana da nauyi irin wannan ba.

Wajen sha ɗaya aka yi sallama. Dattijo ne siriri dogo, da gani ka san inda Sagir ya samo tsayinsa. Ƙafafunsa sun yi fari da tafiya, yana riƙe da jakar leda a naɗe. Namadi ya miƙe, ya ba shi benci, ya ɗebo ruwa a randa.

"Malam Gado nike, mahaihin Sagir."

"Allah shi jiƙan shi, Baba. Allah shi sa ya huta. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Haƙuri sai ma'aiki."

Dattijon ya sha ruwa, ya ɗaga kai ya bi bangon shagon da kallo, amare da 'yan makaranta da sojoji. Ya sunkuyar da kai. Sannan ya yi magana.

"Ban taɓa shiga irin wurin ga ba. Bara, da anka hwara zancen Shari'a, wani mai wa'azi yaz zo kasuwarmu yac ce mala'ikun rahama ba su shiga gida mai hoto. Ba wanda yat tilasta ni. Liman ma ya ce in bi a hankali. Nik koma gida nit tara duk hotunan Sagir na ɗakin uwatai, Kulsumu. Guda huɗu na: na firamare, na sallah, da biyu da ƙwallo. Nis sa su murhu tana kallo. Ba ta ce man komi ba." Ya murza ledar da ke hannunsa. "Har yau ba ta ce ba. Shekaranjiya dai nij ji tana tambayar ƙanwatai, wai tabon nan na goshi, dama shike ko hagu?"

Namadi ya kawar da kai. Ya juya ya shiga laluben durowa, ba don bai san inda hoton yake ba. A hagu tabon yake. Ya gan shi ranar, ta cikin gilashin kyamara, daƙiƙa ɗaya kafin ya murɗa ya bar shi.

Ya miƙa babban hoton ƙungiyar da hannu biyu. Malam Gado ya goge tafinsa a riga kafin ya karɓa. Ya kai shi kusa da ido, ya janye, ya matsa bakin ƙofa. Yatsansa ya bi layin baya a hankali, ya tsaya a kan na uku.

"Ga shi nan. Haka shika tsayuwa, kahwaɗa guda sama." Ya ɗan murmusa. "Ni idona ya tahi, ɗana, komi hazo-hazo nika gani. Amma uwatai har yanzu da kanta taka zura allura. Ita za ta gan shi sosai."

Hanya ta buɗe wa Namadi. Abin da ya rage kawai shi ne ya yi shiru, ya sa hoton a ambulan, dattijo ya hau motar Zurmi ya koma gida. Dauran da nisa, kuma ba mai dawowa ya tuhume shi. Sai ya hango matar da bai taɓa gani ba, zaune a tabarma, tana buɗe ambulan ɗin.

"Baba," ya ce, "ba idonka ba na. Aikina na. Ni nib ɓata shi, ina sane."

Malam Gado bai ɗago ba. Yatsansa ya sauko daga layin baya zuwa gaba.

"Na hwara zargin haka," ya ce. "Don shi wanga mai babbar riga, har zaren hulatai ina ƙirgawa."

Babu faɗa a muryarsa. Da ma ya yi faɗan, da Namadi ya fi samun sauƙi. Dattijon ya tambaya ko akwai wani, ko na fasfo, ko wanda aka ɗauka ana wasa. Namadi ya girgiza kai. Ya riga ya zazzage kwalayensa duka, ya tambayi sauran masu hoto biyu na garin.

Dattijon ya warware ledarsa, ya ciro wani tsohon ɗankwali wankakke, wanda da gani daga gida aka ba shi don wannan aikin. Ya shimfiɗa a cinya, ya ɗora hoton, ya naɗe gefe huɗu a tsanake. Da ya kai hannu aljihu Namadi ya riƙe masa hannun, shi ma bai matsa ba.

A bakin ƙofa ya tsaya yana laluben takalminsa da ƙafa.

"Kar ka ɗora ma kanka duka," ya ce. "Masu kyawun ni nik ƙone su."

Ya rungume ƙunshin a ƙirji, ya nufi tashar Zurmi.