Abin Kunnen Auta

Malamar ajinsu Auta ce ta kawo shawarar. Ta ce yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, idonta ne ke nauyi a kan takarda, amma kunnenta garau yake. A samo mata littattafan nan da ake karantawa a naɗa, ta riƙa saurare tana bin layi da yatsa. Maman Auta, wadda nas ce a asibitin yara, ta zaro tsohuwar wayarta mai fasasshen gilashi daga durowa, ta sa aka cika ta da labarai, ta sayo abin sawa a kunne.

Kafin zangon karatu ya ƙare, yarinyar da a da sai an kai ruwa rana take haɗa layi biyu ta koma cinye shafi guda ba gargada. Tana wanke-wanke tana ji, tana ninke kaya tana ji. Maganar da ke fita bakinta ta fi ƙarfin 'yar shekara goma sha ɗaya. Ran da wani direba ya sha gaban babanta a titi, baban ya fara zage-zage, sai ta ce masa kada ya yanke hukunci cikin fushi. Ya yi dariya har da dukan sitiyari.

Maman Auta kuwa abin nema ya samu. Duk uwar da ta kawo ɗanta allura sai ta sha wa'azin littafin sauraro: yana buɗe ƙwaƙwalwa, yana ƙara kalmomi, yana koya wa yaro natsuwa. Abokan aikinta har tsokanarta suke, wai ko masu littafin sun ɗauke ta talla ne.

Abin da ba ta sawa a wa'azin shi ne halin da gidanta ke ciki. Ita da Baban Auta, mai gyaran famfo, sun daɗe ba sa ga maciji. Faɗan kan fara ne daga famfon kicin da ke ɗiga, wanzami ba ya son jarfa, ya gyara na gari ya bar nasa. Daga nan a koma kan lokacin tashinta daga aiki, sai a tono wanda ya faɗi me a gaban dangin wa. Gidan ɗaki biyu ne da falo, tari ma aka yi a kicin ana ji ko'ina. Abin yana cin ranta ƙwarai saboda Auta. Amma duk sa'ad da ƙura ta lafa ta leƙa ɗaki, sai ta tarar da yarinyar rub da ciki, abin sauraron a kunnuwa biyu, yatsa a kan layi. Sai ta ce a ranta faɗuwa ta zo daidai da zama, ga karatu, ga shi ba ta ji komai ba.

A taron iyaye malamar ta yabi Auta sosai. Da mutane suka ragu, ta ja uwar gefe ta ce abu ɗaya ne ya tsaya mata. Akwai wani babi, mafi tsawo a wani littafin da take saurare, inda guguwa ta ritsa da jirgin ruwa. Auta ta haddace shi kaf, har inda mai karatun ke jan numfashi, sauran kuwa sau ɗaya ta ji su ta wuce. Ta tambaya a hankali ko gida lafiya. Maman Auta ta ɗaure fuska ta ce lafiya lau, ta ja jakarta ta fita.

Ran Asabar aka ɗauke wuta tun da safe. Da la'asar bokitin da ke ƙarƙashin famfon ya cika ya malale, Baban Auta ya shigo ya taka ruwan da safa. Shi ke nan aka buɗe faɗa. Sun kai kan maganar dangi ke nan, murya ta hau, sai suka lura da mutum a bakin ƙofa.

Auta ce. Abin kunne ɗaya a kunne, ɗaya a hannu. Ba kuka take ba, kuma wannan ne ya fi tsorata uwar. Tsayawa ta yi da ladabi tana jira manya su numfasa.

“Mama, za ku daɗe?”

“Mu daɗe a ina?”

“Caji ne saura kaɗan. In za ku daɗe, Baba ya ara min wayarsa in sa babin jirgin. Shi ne yake kaiwa har ku gama.”

Baban Auta ya kai hannu aljihu, sai hannun ya tsaya a can. Uwar ta buɗe baki za ta ce mata sun gama, sai ta fasa, don ta san yarinyar ta fi ta sanin ba haka ba ne. Auta ta dubi wannan, ta dubi wancan, tana jiran amsa. Suna tsaye a cikin ruwan, wayar ta mutu a hannun yarinyar.