Kwana Goma Sha Ɗaya Kafin Irin Shih Ya Nuna

Shekara uku na hana tumakin Baba shiga filin da ke bayan rijiyarmu. Ni na kafa turakun, ni na ja wayar shingen, har yau tabon yana tafin hannuna. A duk faɗin makiyayarmu babu inda shih, ɗan tsiron daji mai ƙamshi da tumaki ke ci, ya rage sai can. Sauran an tumɓuke shi har saiwa, an loda a motoci an kai wa masu tatsar mai.

Mutanen ƙauye suka sa mini suna Injiniyar Ciyawa. Ko a jikina. Na karanta ilimin tsirrai a jami'a, na san shih ba ya fure sai da kaka, kuma in dabba ta cinye furen kafin iri ya nuna, an yi wahalar banza.

A shekara ta uku ruwa ya ƙi sauka, amma furen ya fito, ƙanana, rawaya-rawaya, ƙamshinsa mai ɗaci har cikin gida. Tumaki kuwa sun fara cin gashin junansu don yunwa.

Baffa Belkasim, ƙanin Baba, ya same mu ni da Baba a bakin waya.

"Injiniya, yaushe za a buɗe aljannar taki? Ko sai mun kawo takarda da hatimi?"

"Saura kwana goma sha ɗaya, Baffa."

"Ka ji ta, Yaya Lahdar! Je ka ce wa tumakin su ɗauki azumi. Ka kai yarinya makaranta, ta dawo maka mai gadin itace."

Washegari tunkiya mai baƙin kunne, wadda marigayiya Inna ta rena, ta kwanta ba ta tashi ba. Baba ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Bahta, 'yata, ni dai ba zan taɓa wayarki ba."

Da zagina ya yi, da na iya tsayawa. Na ruga gida na kwaso mayafan Inna, da zanin gado, da baƙar rigar da na sa ranar kammala karatu, na lulluɓe gindin shih tara na ɗaure. Sannan na kwance wayar da hannuna.

Cikin kwana huɗu suka cinye filin har itace. Ni kuwa ina tsaye da sanda a kan gindi tarana, rana na dukana, Baffa na dariya, ban gusa ba. Irin da na samu bai kai rabin kofin shayi ba.

Sanyi ya shigo, ruwa shiru. Tumakin da na buɗe wa waya sai da motar masu saye ta zo ta kwashe waɗanda suka rage. Baffa ya koma birni. Baba har yanzu yana fita da safe da sandarsa, ya tsaya bakin rijiya, ya dawo.

Na watsa rabin irin, iska ta tafi da shi. Sauran yana ƙulle a gefen mayafina. Jiya na sake ɗaure wayar tamau, ko da yake babu sauran tunkiyar da zan hana shiga.